Fuskar Zubaida Mai Wankan Gawa

A unguwarmu ta Ɗan Iya, in mace ta cika, kafin a aika wa masu haƙa kabari an aika wa Zubaida. Haka muka saba tun tana da sauran baƙin gashi. Wankan gawa ba gadon gidansu ba ne. 'Yar ƙauyen Inkil ce, uba manomi, uwa mai dakau. Aure ya shigo da ita gari, gidan wani tela da bai yi nisan kwana ba, ya bar ta da yaro ɗaya, Ɗanlarai, wanda yanzu yake jan keke. Ranar da uwar mijinta ta rasu, tsohuwar da ke mana wanka tana fama da ƙafa. Aka tallabo ta aka zaunar a bakin ƙofa, tana faɗa, Zubaida tana yi. Daga ranar aikin ya liƙe mata.

Ni ce mai zuba mata ruwa, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Zubaida tana da yadda take aikinta. Ta daka ganyen magarya da kanta, ba ta yarda da wanda aka ajiye ya sha ƙura. Ta naɗe tsumma a hannu. Ta lulluɓe mamaciya da zane tun daga wuya har idon sawu, duk abin da za ta yi a ƙarƙashin zanen take yi. Ni da nake tsaye da ƙwarya, tsawon zamanmu ban taɓa ganin komai ba sai fuska da tafin ƙafa. In ta gama ta tufke gashi gida uku, ta sa kafur, mu naɗe likkafani, sai ta wanke hannu ta fito. A nan ne wuyar aikin take, ba a ɗaki ba. Mata suna cike da tsakar gida, kowace ta bar kukan da take yi ta zuba wa mai wanka ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to matan unguwarmu sun haddace wannan fiye da Fatiha. So suke su karanta ko mamaciya ta yi kyakkyawan ƙarshe, ko an ga wani abu. Zubaida kuwa fuskarta kamar bangon masallaci. Ta ce Allah ya ji ƙanta, ta sa takalmi. Ko mai azumin nafila ta wanke, ko wadda gari ya san halinta, fuskar ɗaya ce. Don haka ake kiranta. Akwai wata Fati a bayan layinmu, ita ma ta iya wanka, hannunta ma ya fi sauri, amma cikinta don tuwo kaɗai aka yi shi.

Abin ya fara da fatar idonta na hagu. Rawa take yi, ƙif-ƙif, kamar ta kowa. Muka yi ta tsokanarta cewa baƙo zai zo mata da goro. Baƙo bai zo ba, rawar ba ta tafi ba. Ta sauko kunci, ta kama gefen baki. In abin ya motsa sai idon ya rufe ruf, bakin ya ja sama, ta yatsine kamar wadda aka buɗe wa masai. Can ya sake ta. Ba zafi, ba ciwon kai. Kuma ya fi tashi in ta gaji ko in ana kallonta.

Ranar da ya yi ɓarna, wata yarinya ce muka wanke, amarya ce ma, haihuwar fari ta tafi da ita. Yarinya tsaf, ni shaida ce a kan fuskarta. Zubaida ta ɗaga labule, tsakar gida ta yi tsit, abin ya fizge ta a gaban uwar yarinyar. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zaga cewa mai wanka ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Wasu suka ce gawar ta yi baƙi, wasu suka ce wari. Uwar ta zo har gida ta durƙusa tana roƙon a faɗa mata gaskiya, me 'yarta ta aikata. Zubaida ta rantse mata ba komai sai alheri, tana cikin rantsuwar bakin ya sake ja. Matar ta tashi ta fita ba sallama. Har yau in ta hango Zubaida sai ta canza hanya.

Na ce ta riƙa rufe fuska da mayafi in za ta fito. Ta gwada. Aka ce lallai na yau ya fi na jiya muni, tunda har ta kasa nuna fuska. Ga idon kuma a waje yana kashe wa mutane kansa.

Ba abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi mata ƙaho a ƙeya. Wani malami ya ce shafar aljanun maƙabarta ce, ya yi ta karatu a kunnenta har muryarsa ta dashe. Na tambaye shi yaushe mace ta je maƙabarta da aljanunta za su san ta, ya ce da Ɗanlarai a fitar da ni. Ana cikin haka kira ya ragu. Gidajen da suka san darajarta ma suka fara aika wa Fati, suna cewa gara mai surutu, in ta yi ƙarya a ƙaryata ta, amma wa zai ƙaryata fuska?

Ɗanlarai ne ya gaji ya ɗauke mu a kekensa zuwa babban asibiti. Likitan ya ce ba aljani ba ne, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba. Wata jijiya ce a bayan kunne, hanyar jini ta kwanta a kanta, ita kuma take ta aika wa naman fuska saƙon da ba a aike ta ba. Ya ce akwai allura, botoks sunanta. Na ce da me ake yin ta. Bai ɓoye ba, ya ce guba ce ta wata ƙwayar cuta, irin wadda kan yi kisa in ta samu abincin gwangwani da ya lalace, amma an tace ta an rage ta ƙwarai. Ɗan kaɗan ake sa wa a daidai naman da ke fizga, ya kwanta ya yi barci na wasu watanni, in ya farka a sake. Ya ce ita ce kuma matan manya ke yi a goshi don a goge musu tamoji. Na ce ikon Allah, mu muna neman tsufa da mutunci, wasu suna biya a kashe musu goshi.

Wata ma'aikaciyar jinya, Bridget, ita ke riƙe mata kai. Mutuniyar kudu ce, Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, amma ta san aikinta. Aka yi 'yan tsire-tsire a gefen ido da kunci, allurar siririya kamar gashi. Bridget ta riƙe hannun Zubaida ta ce, “Mama, ka ji ni da kyau. Kar ka murza. Kar ka gasa da ruwan zafi. In ka murza, maganin zai yi tafiya inda ba a aike shi ba.” Ta san halinmu. Mu in aka yi mana allura, kafin mu kai bakin titi mun murje wurin, mu je gida mu ɗora tsumma mai zafi kar ya yi ƙulli.

Cikin 'yan kwanaki fuskar ta kwanta. Ban taɓa ganin Zubaida ta dubi madubi ba sai lokacin. Ta koma aikinta. Mutane kuwa ba su da kunya, waɗanda suka ce aljanu ne su suka fara aikowa. Haka aka yi ta yi, in ya fara motsi Ɗanlarai ya kai ta, a kwantar da shi. Sai dai kwalbar maganin ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana da tsada, kuma in an fasa ta ba ta ajiyuwa, saboda haka sai an tara masu irin ciwon, mai wuya a karkace, mai ido a rufe, yaron da ƙafarsa ta ƙage, a raba musu rana ɗaya. In ba su taru ba, sai jira.

A irin wannan jiran ne Hajiya Madina ta aiko.

Hajiya Madina tsohuwar 'yar kasuwa ce, mai atamfofi, ƙawarmu tun muna amare muna ɗaukar tulu. Mace mai tsare gida, ko 'ya'yanta ba su taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba. Ta daɗe a kwance. Muka shiga, ta sa aka fitar da kowa, ta ce ni in zauna in zama shaida. Ta ce akwai abu a jikinta da ba ta son ido ya gani, ba ta son baki ya ɗauka. Ba ta faɗi ko mene ne ba, mu ma ba mu tambaya ba.

“Zubaida, ke za ki wanke ni. Ba 'ya'yana ba, ba kowa ba. Kin ɗauka?”

“Na ɗauka, Yaya, in Allah ya sa ina da rai.”

Tana faɗa kuncin ya fizga. Hajiya Madina ta gani, ta kau da ido. Amma Zubaida ta ga ta gani.

Muna fita ta ce da ni ba za ta fito daga ɗakin Madina da wannan fuskar ba. Duk rufin da za ta yi a ciki, fuskar za ta tone shi a tsakar gida, su ƙirƙiro wanda ya fi na gaskiya muni. Ɗanlarai ya yi ta zirga-zirga asibiti. Bridget ta ce mutanen ba su cika ba, ta ƙara haƙuri kaɗan. Jikin Madina kuwa ba ya jiran kowa, an riga an daina ba ta tuwo sai ruwan koko.

Akwai wata Rukayya a Gwallameji, cikin sababbin gidajen nan masu ƙofar ƙarfe, tana gyaran amare, dilka da halawa da turaren jiki. Zubaida ce ta wanke uwarta, kuma yarinyar ba ta manta ba, duk sallah sai ta aiko da abinci. Da ta ji labari ta zo da kanta. Ta ce ai wannan allurar tana da ita, daga waje take sarowa, matan manya layi suke yi a wurinta. Ta ce, “Inna, ke da kika rufa wa mahaifiyata asiri, ki zauna jiran asibiti ina raye? Ko sisinki ba na so.” Na ce mata goshin matan manya daban, ciwo daban. Ta ce magani ɗaya ne, hannu ne kawai ya bambanta. A nan ta yi gaskiya, ba ta dai san gaskiyar da ta faɗa ba.

Na bi su har shagonta. Ɗaki mai sanyi, madubi ta ko'ina, ƙamshi har ya hau kai. Ta buɗe firij ta ɗauko 'yar kwalba daga bayan robobin zoɓo. Ni ban yi boko ba, ban san abin da aka rubuta a jiki ba, na dai san wutar unguwar nan ba ta fi tamu zama ba. Rukayya ta ce abin da take sa wa mai tamoji ba zai ishi mai ciwo ba, sai an ninka. Ta tsira a hagu, ta tsira a saman ido, ta ce bari ta yi dama ma don fuskar ta daidaita, ta gangaro har gefen wuya. Ba rowa a aikin, wannan na shaide ta. Da ta gama ta lakato wani mai mai ƙamshi ta shiga murza mata fuska da yatsu biyu-biyu, a hankali, cikin ladabi, sannan ta kawo tawul mai zafi ta ɗora.

Na ce an hana murzawa. Rukayya ta yi dariya ta ce na asibiti ba su da lokacin mutum ne shi ya sa. Na dubi Zubaida. Ta san maganar Bridget sarai, ta fi ni riƙe ta. Amma yarinya ta yi maka alheri kyauta, tana kiranka Inna, tana ambaton uwarta da ke ƙasa, da wane baki za ka ce ta ɗauke hannu? Zubaida ta taɓa gwiwata alamar in yi shiru. Kunya ta kashe mutanen garin nan fiye da zazzaɓi.

Fizgar ta tsaya, ba ƙarya. Sai fatar idon hagu ta fara saukowa, ta dama ta bi ta. Sai ta sa yatsa ta ɗaga kafin ta ga mai sallama. Baki ya saki, miyau yana zuba ba ta sani ba. Magana ta koma kamar ta mai tuwo a baki. In ta kurɓi kunu ya biyo ta hanci. Ɗanlarai ya ce asibiti, ta girgiza kai. Tsoronta kar a kwantar da ita Madina ta cika ba ta nan. Maƙwabta suka yi ta shigowa dubiya suna fita suna cewa garin neman gira an rasa ido, tsohuwa ta je gyaran fuska wurin mai amare. Na tare ɗaya a zaure na ce mata in gira ake nema ita ta fi kowa buƙata.

Da hantsi aka aiko Hajiya Madina ta rasu.

Zubaida ta sa na liƙe mata fatar ido sama da filasta. Na daka magaryar da kaina, don taɓarya ta gagare ta ɗagawa. Ɗanlarai ya kai mu har ƙofa. Da muka shiga tsakar gidan, mata suka dube ta, kukan ya tsaya. Babbar 'yar marigayiyar, Amatullah, ta taso ta riƙe ta, ta ce Inna ai ke ma jinya kike, ki zauna, an aika wa Fati. Zubaida ta yi magana, ba wanda ya gane. Ni na fassara. Na ce uwarku ta bar wasiyya, a gabana, ba mai taɓa ta sai wannan. Wata ƙanwar mijin marigayiyar ta ce wace irin wasiyya ce 'ya'ya ba su sani ba. Na ce irin wadda ake yi in an san halin dangi. Amatullah yarinya ce mai hankali, ta ce a bar mu mu shiga.

Muka shiga, na saki labule. Zubaida ta lulluɓa zanen, ta naɗe tsumma, ta yi niyya. Ta yi mata alwala, ina zuba ruwa, hannun ba ƙarfi amma yana tafiya. Ido ba ya cikin aikinta dama, da hannu take gani. Sai aka zo juyawa, a kwantar da ita a kan hagu a wanke dama. Madina ta rame, ba ta fi ɗaurin kara nauyi ba. Zubaida ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗa ta ɗaga, hannun ya ƙi. Ta sake. Na ajiye ƙwarya zan kama mata, ta ture ni da gwiwar hannu, don in na kama zanen zai zame. A karo na gaba wuyanta ya saki, kanta ya faɗo gaba, miyau ya sarƙe ta. Ta durƙushe a cikin ruwan magarya tana neman numfashi, fuska ta yi shuɗi.

Ba ni da zaɓi, na ɗaga labule na yi kira. Aka ciccibe ta zuwa keke. Muna fita zaure muka yi kiciɓis da Fati tana shigowa, tana naɗe hannun riga.

A asibiti aka zura mata roba ta hanci, ta nan ake ba ta abinci. Likitan ya ce maganin ya yi yawa ya bazu, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin kwalbar. Ya ce da ya sauka ƙirji da sai dai wani zancen. Ba abin yi sai a tallafe ta har ya sake ta da kansa. Bridget ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mata matashi, ta goge mata baki, ta fita waje ta daɗe. Rukayya ta zo ta yi kuka kamar ranta zai fita, Zubaida ta ɗaga yatsu alamar ta yafe. Shagon yana nan, an ƙara masa fenti.

Kafin sadakar uku duk Ɗan Iya an san abin da ke jikin Hajiya Madina. Fati ba ta yi shela ba, ba ta taɓa yi ba. Mutum ɗaya take faɗa wa, ta ce don Allah ya tsaya a nan. Masu awo sun ji, masu kitso sun ji, har 'yan keke. Ni ma na ji, ba a bakina za a ƙara ji ba. Abu ne da ba laifinta ba, ba kuma zunubi ba, ciwo ne kawai da ta ɓoye shekaru don kar a dube ta da tausayi.

Na hana kowa ya faɗa wa Zubaida. Ta yi makonni a kwance, aka sallame ta, ido ya buɗe kaɗan-kaɗan, murya ta dawo. Wata mai tallan daddawa ce ta shigo, tana auna mata tana ba ta labari, a zatonta ai mai wanka ta riga kowa sani. Zubaida ta saurara har ƙarshe, ta karɓi daddawarta, ta yi godiya.

Da maganin ya gama fita, fizgar ta dawo yadda take, har ta fi da. Ɗanlarai ya ce a koma wurin likita, yanzu an samu mutane. Ta ce ya bar wa masu buƙata. Na zauna na yi mata faɗa irin wanda na iya. Na ce Allah ya ga niyyarta, na ce ta shiga ɗakin da rabin rai, wa zai yi abin da ta yi? Na ce matan unguwa suna mutuwa ba su fasa ba, kowace da abin da take son a rufe. Ta bar ni na gama.

Ana nan matar Ashiru mai kayan miya ta rasu. Bai aiko yaro ba, shi ya zo da kansa ya tsaya a zaure, ya ce marigayiyar ta sha faɗa masa Inna Zubaida take so. Na shiga na same ta a bakin gado tana tsince shinkafa. Na ce ga Ashiru, tashi mu je, ni zan yi juyi, ke ki yi wanka.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Madina ta tafi tana ganin asirinta a rufe yake. Ita ba ta ji komai ba. Ni ce nake ji, kullum, a bakin masu talla. Ba zan ƙara ce wa kowa na ɗauka ba.”

Na ce to me zan ce wa bawan Allah, yana tsaye.

“Ki ce masa na tsufa. Ki yi masa gaisuwa.”

Na fita na faɗa masa. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, sannan ya tambaye ni wane layi ne gidan Fati.